Ranar da Bakoji Ya Ƙi Shan Ruwa

Sau uku ke nan Andrawus yana kai kofi bakin Bakoji, sau ukun kuma haƙoran mutumin suna datse kamar an sa musu kwaɗo. Ruwan ya bi gefen baki, ya gangara ya jiƙa layun da ke wuyansa.

"Sha mana, bawan Allah," in ji Andrawus. "Ruwa ne kawai da gishiri da sukari. Dubi tsohon nan, tun safe yake sha."

Bakoji bai dubi tsohon ba. Ya ƙara juya fuska wajen zana, ya ja mayafi ya rufe kansa. Makiyayi ne dogo, wanda da ganin damatsansa ka san ya saba kokawa da bijimai, amma daga asuba zuwa hantsi ciwon ya tsotse shi. Idanu sun zurma, leɓe ya tsage. Da Andrawus ya mintsini fatar cikinsa ya saki, sai ta tsaya a tattare, ta ƙi komawa.

Rana ta tara ke nan da shigowar amai da gudawa Birnin Gwari, cikin daminar alif ɗari tara da saba'in da ɗaya. Rediyo yana kiran abin kwalara, yana cewa ta ratso ƙasashe da yawa kafin ta iso. Mutanen gari ba su damu da sunanta ba, sun dai ga tana kayar da ƙato cikin yini guda. Ƙaramin asibitin garin gadaje goma sha biyu gare shi, kuma tun rana ta biyu suka cika. Aka kafa doguwar rumfa ta zana a bayansa, aka jera gadajen gwangwala, kowanne da rami a tsakiya da kasko a ƙarƙashi, don mai wannan ciwo ba ya iya kai kansa ko'ina.

Malam Abarshi, babban malamin asibitin, ya bi mota zuwa Kaduna kwana uku da suka wuce don ya karɓo kwalaben ƙarin ruwa. Ruwan sama ya cinye wata gada a hanya, labari ya zo cewa shi da kayan suna can ƙetare suna jira. Ya bar wa Andrawus leburori biyu, da tsohuwa Tasalla mai dafa ruwa a bayan rumfa, da kwalba goma sha ɗaya. A safiyar nan saura ɗaya tal, tana cikin kabad, mabuɗin yana aljihun Andrawus. Duk wanda ke iya haɗiya sai dai ya sha da baki, kofi bayan kofi, har ciwon ya gaji ya sake shi. Wanda ya ƙi sha kuwa, ba ya ganin gobe.

Andrawus mutumin Kazage ne, shekararsa ashirin da shida, uku daga ciki ya yi su a Zariya yana koyon aikin jinya. Yaron kirki ne, ba ya ƙyamar majinyaci, ba ya gudun aiki. Aibinsa ɗaya, in ya shirya abu ya ga ya yi kyau, to magana ta ƙare. Shi ya fito da dabarar ajiye 'yan gida ɗaya a wuri ɗaya, a kewaye su da zana, don mai lafiya guda ya iya shayar da mutum biyu ko uku. Dabara ce mai kyau, ba a musu. Ta ceci rayuka a kwana taran nan, shi ma ya san haka, har ya zana ta a kwali ya manna a ƙofar rumfa, ko da yake in ban da shi babu mai iya karanta ta a wurin.

Saboda haka da aka sauke mutum biyu daga kan takarkari da sassafe, tsoho da saurayi, daga wata ruga ta cikin daji bayan Kutemeshi, ga mace tana biye da su da ƙwarya a ka, bai tsaya dogon bincike ba. Waɗanda suka kawo su suka faɗi sunaye, Modibbo da Bakoji da Kadijatu, suka juya da sauri don sun baro shanu ba kowa. Andrawus ya rubuta ya ce a ransa uba ne da ɗa. Ya sa aka kwantar da su gado kusa da gado, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba, ya miƙa wa matar kofi da tulu.

Tsohon bai ba shi wahala ba. Siririn dattijo ne mai farin gemu, da carbi a hannu. Kadijatu na kai masa kofi yana sha, in ya amayar ta goge masa baki ta sake cikawa. Abu guda ne ke ba Andrawus haushi game da shi. Duk sanda cikin Bakoji ya yi ƙugi, ko gadonsa ya motsa, sai tsohon ya juya baya ya ɗaga murya da karatu, har na wasu gadaje su waiwayo.

"Baba, rage murya," Andrawus ya ce masa. "Kana tsorata mutane. Ba wanda ya mutu tukuna."

Modibbo ya rage. Da gadon ya sake motsi, ya sake ɗagawa.

Wajen ƙarfe goma Andrawus ya dawo daga ɗaya ƙarshen rumfar ya tarar da Bakoji a ƙasa. Ya zamo daga gado, yana jan ciki, ya ɗaga gindin zana zai kutsa waje. Andrawus ya kira lebura suka ciccibe shi suka mayar.

"Ina za ka?"

"Daji." Kalmar da ya fara furtawa ke nan tun zuwansa, muryar kamar ta fito daga rijiya.

"Babu mai zuwa daji a nan. Ga rami a gadonka, ga kasko. Abin da ke fita daga jikinka in ya taɓa ƙasa, ruwan sama zai kai shi rafi, gobe a kawo mini mutum ashirin. Ka ji ko?"

Bakoji ya runtse ido. Ƙafafunsa suna murɗewa, ya haɗe cinyoyi ya ƙanƙame jikinsa, gumi yana tsattsafo masa duk da jikin ya yi sanyi ƙalau. Andrawus ya ga mutum yana yaƙi da cikinsa, ya ce a ransa taurin kai ne na mutanen daji.

"Likita." Modibbo ne ya kira shi, a hankali.

"Na'am, Baba."

"Wurin nan babu iska. A fitar da ni waje, ko gindin itace ne."

"Hadari na haɗuwa, Baba. Kuma in na fitar da kai, wa zai ba ka ruwa? Mutum ɗaya ce ke kula da ku biyu."

"To, a kai ni can ƙarshe."

"Can ƙarshe na mutanen Saminaka ne. Kowa da gidansa. Ka yi haƙuri, nan ne wurinka, kusa da naka."

Tsohon ya buɗe baki kamar zai ƙara wata magana. Sai ya dubi rufin rumfa, ya ja carbi ɗaya.

Abin da ya fi ɓata wa Andrawus rai shi ne matar. Tun safe tana durƙushe gefen gadon tsohon, bayanta ga Bakoji. Ko sau ɗaya ba ta waiwaya ba. Mutum yana nishi a bayanta kamu biyu, ita kuwa kamar ba ta san da shi ba. Da ya sake zagayowa ya ga kofin Bakoji cike yadda ya bar shi, sai haƙurinsa ya ƙare.

"Ke, wannan ba naku ba ne?"

Ta sunkuyar da kai.

"Tambayarki nake. Me yake a wurinki?"

Ta ja bakin zanenta ta rufe baki. Ya ɗauka tsoronsa take ji.

"Ina gaya miki, in bai sha ruwan nan ba, ba zai kai magariba ba. In ya mutu, ku kuka kashe shi, ba ciwo ba."

Hawaye ya zubo mata, ya ɗiga cikin kofin tsohon. Andrawus ya yi tsaki ya wuce, don akwai mutum talatin da ɗaya a rumfar ban da su, kuma wata mata daga Kazage, wadda ta san uwarsa, tana ta kiran sunansa da Gbagyi, harshensu na Gwari.

Ana kiran azahar a masallacin gari lebura ya zo da gudu ya ce Bafillatanin nan ya daina motsi. Andrawus ya kama wuyan hannun Bakoji, ya lalubi bugun jini bai samu ba. Ya kai yatsa wuyansa, ya ji abin yana yi can ƙasa ƙasa. Ya tsaya, hannunsa a aljihu kan mabuɗi. Ya dubi tsohon, wanda aman ya fara yi masa yawa amma har yanzu yana karɓar kofi. Ya tuna sauran da ke kwance. Kowa a cikinsu yana haɗiya, in ban da wannan.

Ya je ya ɗauko kwalbar. Ransa yana ƙuna, don ya san zai kashe ta ne a kan mutumin da maƙogwaronsa lafiya lau yake. Jijiyoyin hannu duk sun ɓuya, sai da ya soka sau huɗu kafin ya samu ɗaya a idon sawu. Ya rataya kwalbar a ƙusar ginshiƙi, ya sake ta tana gudu. Da yake mutumin ba ya cikin hayyacinsa, jikinsa ya saki, abin da ya yini yana riƙewa ya tsiyaye cikin kasko, fari kamar ruwan wankin shinkafa. Muryar Modibbo ta tashi da karatu, duk da ba ta da sauran ƙarfi.

Kwalbar ta kai rabi Bakoji ya buɗe ido. Ta kusa ƙarewa hankalinsa ya dawo. Ya ji jiƙar gadon a ƙarƙashinsa, ya gane abin da ya faru, ya yi wani ƙaramin sauti a maƙogwaro ya rufe fuska da hannu biyu.

"Ka ga wannan kwalbar?" in ji Andrawus. "Ita ce ta ƙarshe a garin nan kaf. Ta dawo da kai, amma ba za ta riƙe ka ba. Kana bukatar irinta biyar. Tun da babu, sai ka sha. Don Allah ka sha."

Ya kai kofi. Haƙoran suka sake datsewa.

Andrawus ya ji kamar ya kwaɗa masa kofin a goshi. Ya ajiye shi da ƙarfi har ruwan ya fantsama. A daidai nan aka ji ƙugin mota a ƙofar asibiti. Ya fita da gudu yana zaton Malam Abarshi ne, ashe motar itace ce ta ɗebo mutum bakwai daga Saminaka, biyu sun riga sun cika a hanya. Kafin a sauke su, a samo musu gadaje, a rarrashi masu kuka, a wanke bayan motar da magani, fiye da awa guda ta wuce. Yayyafi ya sauko ya ɗauke bai ma lura ba.

Da ya koma ya ɗaga zanan, sai ya tsaya cak. Kadijatu ta tallafo kan Bakoji a cinyarta, kofi a bakinsa, yana zuƙa har maƙogwaronsa yana ƙara. Ya shanye, ta cika, ya sake shanyewa. Tulun ya yi rabi. Wani sanyi ya ratsa zuciyar Andrawus, har ya fara murmushi, sannan idonsa ya kai ɗaya gadon. Babu kowa a kai. Gindin zanan da ke bayansa a ɗage yake.

"Ina tsohon?"

"Ya fita," in ji Kadijatu, ba ta ɗago ba.

"Ya fita ina? Mutumin da ba ya iya zama? Kina kallo?"

"Ya ce in zauna."

"Ya ce ki zauna sai kika zauna?"

Muryarsa ce ta jawo Tasalla, wadda ke shigowa da tukunyar dafaffen ruwa a kafaɗa. Tun asuba tana bakin murhu, ba ta leƙo wannan ɓangaren ba sai yanzu. Ta sauke tukunyar, ta dubi gadon da ba kowa, ta dubi mace da namijin da ke cinyarta. Ta yi wa Kadijatu tambaya biyu da guntun Fillancin da ta koya wajen masu tallan nono. Kadijatu ta amsa da ka, sau biyu. Tasalla ta ja hannun rigar Andrawus zuwa waje.

"Malam, wa ya haɗa mutanen nan wuri ɗaya?"

"Ni. Gidansu ɗaya. Uba ne da ɗansa."

"Wa ya ce maka ɗansa ne? Yarinyar ce 'yarsa. Wancan mijinta ne. Surukinsa ka kwantar masa a gefe."

Andrawus ya waiwaya wajen zanan.

"Kai da aka haifa a Kazage," in ji ta, muryarta ƙasa ƙasa amma da zafi. "Shanun Fulani ba su kwana a gonar ubanka ba? Ka taɓa ganin Bafillatani ya kai loma baki a gaban uban matarsa? Ko hanya suka haɗu ratsewa yake yi. Balle wannan ciwo. In ya sha, ta ina zai fita? A gaban wa? Ita kuma ka ce ta rungumi miji ubanta yana kallo?"

"Me ya sa ba su faɗa ba?"

"Su faɗa a gaban juna? Faɗar ma ai abin kunyar ce. Tsohon bai nemi ka ɗauke shi ba?"

"Ya nema."

"Sau nawa?"

Sau biyu, ya ƙirga a ransa. Ya sani, ba wai bai sani ba. Yana yaro ya sha ganin makiyayi ya bar ƙwaryar fura ya tashi don wani dattijo ya doso. Ya tuna karatun da tsohon ke ɗagawa duk sanda gadon ya motsa, ya tuna yadda ya ce masa ya rage murya, kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

"Zana ɗaya da ka gitta a tsakaninsu ma da an samu sauƙi," in ji Tasalla. "Je ka nemo shi. Ni zan tsare nan."

Ya ɗebi ruwan gishirin a buta, ya sa cokali a aljihu, ya zagaya bayan rumfa. Yayyafin ya taimake shi. Ga sawun gwiwa da na tafin hannu a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga ramin sanda nan da can inda tsohon ya yi ƙoƙarin miƙewa ya kasa. Gangare yana hannun dama, wajen rafi, kuma nan ne ya fi sauƙi ga mai rarrafe. Sawun bai bi nan ba. Ya hau tudu, ya kutsa ta ɓarakar shinge, ya ratsa wata gonar dawa da ta kai ƙugu, ya nufi bakin daji. A wuri biyu Andrawus ya ga inda aka tona ƙasa da sanda aka mayar aka danne da hannu. Dokar da ya kafa wa saurayin da safe, tsohon ne ya ji ta ya kiyaye.

Ya same shi a gindin wata kaɗanya, kwance a gefen dama, fuska gabas, rawaninsa a ƙarƙashin kai. Laka ta ɓata masa gwiwoyi da gemu. Yatsunsa sun yamutse kamar na wanda ya yini yana wanki.

"Baba."

Idanun suka buɗe da ƙyar. "Likita. Ka sha wahala."

Andrawus ya durƙusa ya kama hannunsa. Babu bugu. Ya cika cokali ya zuba masa a baki, ya ƙara, ya ƙara. A na biyar duk suka dawo. Ya jira kaɗan ya sake farawa, suka sake dawowa. Ya san kwalbar ƙarin ruwa jikin nan yake bukata, ya san kuma inda ya kai ta ƙarshen.

"Ya sha?" in ji Modibbo.

"Ya sha, Baba. Yana sha har yanzu. Ya kusa shanye tulu."

"Madalla."

"Ban sani ba ne. Na ɗauka ɗanka ne. Da na tambaya..."

"Yaro ne mai kunya," in ji tsohon, kamar bai ji shi ba. Yana magana yana hutawa. "Shekara huɗu yana auren ta. Ban taɓa ganin cikin bakinsa ba. Ni na zaɓa mata shi."

"Bari in mai da kai. Ba za ka kwana a nan ba."

Yatsun suka riƙe masa riga, da ɗan sauran ƙarfin da ke cikinsu. "Ba can ba."

"Ba can ba. Ɗakin magani zan kai ka, ta baya. Ba zai gan ka ba, ba zai ji ba."

"To."

Ya goya shi. Bai fi nauyin damin kara ba. Ya biyo gefen gona don kada ganyen dawa ya yanki tsohon a fuska, ya yi dogon zagaye ya kauce wa rumfar. Yana jin numfashin a bayan kunnensa, gajere gajere, da ɗan motsin leɓe na salati. Yana tafe yana sauraron hanya ko zai ji ƙugin mota daga wajen Kaduna, yana roƙon Allah da duk harshen da ya iya. Babu abin da ke tashi sai kukan kwaɗi daga fadama.

Bai san daidai inda numfashin ya tsaya ba. Ya dai lura, yana hawa matakalar ɗakin magani, cewa kan ya kwanta a kafaɗarsa da wani irin nauyi. Ya shimfiɗa shi a kan benci, ya saurari ƙirji, ya daɗe yana sauraro. Sannan ya shafe masa idanu, ya goge lakar gemun da gefen rigarsa, ya warware rawanin ya lulluɓe shi. Ladan yana kiran la'asar.

Ya zauna a ƙasa, bayansa jingine da kabad ɗin da ba komai a cikinsa. A kwana tara ya rufe idon mutum ashirin da wani abu, kowannensu ya ce ciwo ne, ya tashi ya ci gaba. Wannan bai iya cewa haka ba. Ya yi kuka kaɗan, ba sauti, hannunsa a baki. Daga nan ya tashi ya wanke hannu da magani har gwiwa, ya wanke fuska, don akwai mutum talatin da wani abu suna jiransa.

Tasalla tana ƙofar rumfa. Ta dubi rigarsa da ta yi laka a baya, ta dubi hannunsa da babu kowa a ciki.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce a hankali. "Zan aika wa liman. Ita fa?"

"Ni zan gaya mata."

"Shi kada ya ji yanzu. In ya ji dalilin fitar tsohon, ba zai ƙara haɗiyar komai ba."

"Na sani, Inna."

Ya ɗaga zanan ya shiga. An sake cika tulun. Idanun Bakoji sun ɗan taso, leɓensa ya jiƙe, ya daina ƙanƙame jiki. Andrawus ya kama hannunsa ya ji bugun ya dawo, siriri amma yana nan. In ya ci gaba da sha har gobe, zai tashi.

Kadijatu ta ɗago kai, karo na farko tun safe, ta dube shi a ido. Ya shirya maganar tun daga ɗakin magani, zai ce ta zo waje yana son ganinta. Ba ta jira shi ba. Ta dubi lakar da ke kafaɗarsa, ta dubi bayansa inda babu kowa. Fuskarta ba ta motsa ba, sai dai kofin da ke hannunta ya karkace, ruwa ya zuba a ƙirjin mijinta.

Bakoji ya janye baki. Bai ambaci suna ba, bai kuma dubi gadon ba.

"Likita," ya ce, "an same shi?"

Kafin Andrawus ya samo abin faɗa, Kadijatu ta riga shi.

"An same shi," ta ce. "Yana hutawa a wancan ɗakin."

Ta miƙa hannu ta nitsa kofin cikin tulu, ta riƙe shi da hannu biyu, ta kai bakin mijinta. Ya sha.